Yatsan Mai Hawan Giginya

Kwana huɗu ke nan a jere mazarƙwailar Daeng Kanang tana ƙin daskarewa. Takan hura wuta a ƙarƙashin gida yadda ta saba, ta tace ruwan giginya ta juye a kaskon ƙarfe, ta yi ta juyi har kafaɗarta ta ƙage, amma da ta zuba a ƙoƙon kwakwa sai abin ya kwanta kamar kunu. Shekara talatin da biyu tana wannan aiki, ba sai wani ya gaya mata dalili ba. Ruwan da ya daɗe a sama har rana ta dafa shi tsami yake yi, mai tsami kuwa ko itacen duniya za a ƙone a ƙarƙashinsa ba zai daskare ba. Mijinta, Daeng Sikki, shi ne ya daina saukowa daga giginya da wuri. Giginya goma sha takwas da a da yake gamawa kafin hantsi, yanzu sai rana ta kusa tsaka ake jin motsinsa a bayan gida. Ta kuma san abin da ke riƙe shi, babban yatsansa ne na ƙafar dama.

Duk wanda ya raina yatsa bai taɓa tsayawa a kan tsaninmu ba. Sandar gora ce guda ɗaya ɗaure a jikin giginya, an bar mata guntayen rassanta, wannan a dama, na gaba a hagu, kowanne bai wuce tsawon yatsan hannu ba. A kan wannan ɗan guntu mahayi ke kafa babban yatsansa ya lanƙwasa shi ya ɗaga dukan jikinsa, ga wuƙa a ƙugu, ga jarkoki suna reto. Kuma safe da yamma ne, ba fashi, domin furen da aka kwana biyu ba a yanke masa baki ba ya daina zuba ke nan, sai baɗi.

Rani biyu da suka wuce ciwon ya faro. Da farko ɗan tsami ne da safe, sai gaɓar ta yi ƙullutu a sama, sai yatsan ya fara ƙin ɗagawa. Nan da nan kowa a ƙauyen ya zama likita. Mu dai a wurinmu duk ciwon da ya sauka a babban yatsa sunansa ɗaya, asam urat, kuma cin nama ne ke kawo shi. Aka hana shi kayan ciki, aka hana shi wake, aka hana shi farfesun doki, wanda ga mutumin yankinmu na Jeneponto kusan gara a hana shi fita ƙofar gida. Shekara guda ya yi yana haɗiyar yawu a gidajen biki, yatsa bai san ana yi ba. Mai ɗori ya zo ya shafa man kwakwa, ya ja yatsan har ya yi ƙara, ya ce ya mayar da shi mazauninsa. Daeng Sikki ya yi kwana uku yana salla a zaune. Wani kuma ya kawo masa garin magani na kasuwa a 'yar leda, ciwon ya lafa na ɗan lokaci, fuskarsa kuwa ta kumbura har idanu suka shige, dole ya watsar.

Sai da 'yarsu Lela ta zo hutun Salla daga birnin Makassar ta tasa shi gaba zuwa asibitin gunduma, Daeng Kanang na biye da su. Likitar ba ta fi sa'ar Lela ba, amma ba ta da kewaye-kewaye. Ta sa aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙafar, sannan ta ɗaga hoton a hasken taga ta ce jininsa lafiya lau, wannan ba ciwon nama ba ne, ya ci abin da ransa ke so. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gaɓar ne aiki ya cinye, ƙashi yana gugar ƙashi, wani sabon ƙashi kuma ya tsiro a sama ya tokare yatsan, shi ne ƙullutun. Ta ce abin da ya cinye ba ya dawowa, sai dai lallaɓawa. Ya riƙa jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da safe yana motsa yatsan a hankali kafin ya fita. Ta ba shi ƙwayar rage zafi, ta ce sai bayan abinci, kuma ba kullum ba, don tana cin ciki. Ya nemi takalmi mai taurin ƙasa wanda ba zai bar yatsan ya lanƙwasa ba. In duk wannan ya gaza akwai aiki, a haɗe ƙasusuwan biyu da ƙusa, ciwo ya tafi, amma yatsan ba zai sake lanƙwasawa ba har abada.

Tambaya ɗaya Daeng Sikki ya yi mata, ko yatsan da aka buga wa ƙusa yana kama tsani. Ta dube shi ta ce a'a, ta ƙara da cewa wannan ɗin ma ya kusa dainawa. Ya yi mata godiya ya gyara zaman hularsa. A tashar mota ya zauna ya shanye kwano biyu na farfesun doki, kuma cikin duk abin da likita ta faɗa wannan kaɗai ya karɓa da hannu bibbiyu.

Sauran Daeng Kanang ce ta ɗauka a kanta. Ita ke ɗora ruwa, ita ke tsare shi sai ya jiƙa, ita ke ɓoye ƙwayar in ta ga yana neman mayar da ita gyaɗa. Ta kai takalmansa wurin mai gyara a kasuwa ya cusa ɓallin gora mai faɗi a cikin tafin ya rufe da tayar mota. Abin ya yi aiki, ba ƙarya. A ƙasa Daeng Sikki ya koma mutum, yana tafiya masallaci ba ɗingishi, har masu hana shi wake suka fara cewa ai maganinsu ne ya ci. Amma ba a hawan giginya da takalmi. A gindin tsani yake tuɓe su ya ajiye, daga nan kuma daga shi sai yatsan sai Allah.

Ƙanin Daeng Kanang, Daeng Lallo, wanda shi ma mahayi ne, ya yi tayin da ake yi wa kowane mahayi in ƙafa ta fara gajiya. Ya ce a ba shi giginya shida dogaye ya riƙa hawa, ruwan yau na mai giginya, na gobe na mai hawa. Daeng Sikki ya sha mur. Kowa ya san inda ruwan Lallo ke zuwa, da gangan yake barinsa ya yi tsami ya sayar wa mashaya bammi a bakin titi. Ya ce giginyar da ubansa ya bar masa ba ta taɓa bugar da ɗan kowa ba, ba kuwa za ta fara yana numfashi ba. Lallo, da yake bakinsa ba ya raga wa mijin yayarsa, ya ce to madalla, tsoho ya ci gaba da hawa, ranar da ya gaji a sama ya aiko da wasiƙa.

Daeng Kanang ba ta yi dariya ba. Gida uku ne a ƙauyenmu giginya ta sa matansu takaba, akwai kuma na huɗu da yake kwance a tabarma shekara shida ana juya shi. Dukansu gwanaye ne, dukansu kuma a wajen saukowa abin ya same su, da kaya a ƙugu. Tsoro take ji. Ba ta gaya masa zancen tsamin ba don ta san halin kayanta, shi ma bai gaya mata yadda yake ƙarewa da tsanin ba, kowa yana ta lulluɓe nasa a gida ɗaya.

A yammacin rana ta huɗu, bayan magariba, yana zaune a baranda ƙafarsa cikin kwanon ruwan ɗumi, ita kuma ta durƙusa tana murza masa gaɓar a hankali. Ƙullutun ya yi ja, zafinsa har a tafin hannunta. Ta daɗe tana juya maganar a baki kafin ta yi ta maza.

"Baban Lela, akwai maganar da nake riƙe da ita kwana huɗu."

"To sauke ta mana, kada ta yi tsami."

"Ai ta riga ta yi. Ruwan da kake kawowa ne ba ya dafuwa. Rana tana riga ka zuwa."

Can ya tambaye ta ina take kai shi, tun da kullum yana ganin hayaƙi. Ta ce dafawa take yi ko Allah zai sa a dace, in ya ƙi sai ta zubar a bayan murhu ta rufe da toka. Da a nan ta tsaya da ya fi mata, amma bakin da ya daɗe a rufe in ya buɗe ba ya sanin iyaka. Ta ce Lallo ma ya nemi ta riƙa ba shi ɗanye maimakon asara, ta hana.

"Har Lallo ya sani."

"Hanci gare shi, Daeng, ba ni na faɗa ba." Ta riƙe ƙafar da hannu biyu. "Don Allah ka ba shi dogayen nan. Ka riƙe gajerun, su ma sun ishe mu. Ni ba mazarƙwaila nake yi wa kuka ba."

Ya zare ƙafarsa daga hannunta a hankali ya ɗora a kan katako, ruwa na ɗiga.

"Wato yanzu ni ne nake sauko da bammi," in ji shi, ba da faɗa ba. "To. Gobe za ki ga ruwa."

Nan ta gane ta yi ɓarna. So ta yi ta jawo shi ƙasa, sai ga shi ta ƙara tura shi sama. Ta ɗauki kwanon ta watsar da ruwan ta saman baranda.

Washegari ya dawo daga sallar asuba ya tarar ruwa ya yi ɗumi, shinkafa da busasshen kifi suna jiransa. Bai zauna ba. Ya ɗaura wuƙarsa, ya rataya jarkoki, ya ce jiƙa ƙafar nan shi ke cinye masa safiya. Ta ce to ko ƙwayar ya sha. Ya ce ai likita ta ce sai bayan abinci, shi kuwa yau ba shi da lokacin abinci. Daga bakin shinge ta ga ya karkata hagu. Hagu hanyar Kaka ce, giginyar da ta fi kowace tsawo a gonar, wadda kullum yake bari sai ƙarshe in ƙafar ta saki. Yau da ita zai fara, da yatsa a sandare yadda ya kwana, ga iskar gabas ta tashi da wuri tana kaɗa ganye.

Ta zauna a gaban murhu ba ta hura ba. Matar mahayi da kunne take aiki. Daga ƙarƙashin gidan takan ji jarkoki wofi suna ƙwal-ƙwal in yana hawa, sai shiru in yana sauya su yana yanka bakin fure, sai kuma wata ƙara mai nauyi, dim, dim, ta cikakkun jarkoki suna bugun gora in yana saukowa. Ta ji hawan, ta ji shirun. Ta ji dim sau biyu, ba ta ji na uku ba.

Ta jira iya tsawon Fatiha, ta ƙara wata, sannan ta tashi ko mayafi ba ta ɗauka ba, ta ratsa karan masara da gudu.

Takalmansa na nan a jere a gindin tsani. Ta ɗaga kai. Yana can ƙasa kaɗan da ganye, ya rungume gora da giginya gaba ɗaya, ƙafar hagu a kan guntun reshe, ta dama tana lilo. Jarkoki biyu cike a ƙugunsa, iska na jan su gefe.

"Daeng, me ya faru?"

Muryarsa ta sauko guntu-guntu. Ya ce reshe ne ya kama kan yatsan ya ɗaga shi da ƙarfi, ya kai shi inda shekara biyu bai kai ba. Zafin ya bi ƙafar har ƙugu, yanzu ta ƙi taka komai. Ya ce ba wani abu ba ne, ta ba shi ɗan lokaci. Ta ce za ta kira mutane. Ya ce in ta kira wani bai yafe ba.

Ta san ba wasa yake yi ba. A wurinmu mahayin da aka sauko da shi ya gama hawa, ko da ƙafarsa ta warke, kuma sai an yi shekaru ana nuna shi da baki a kasuwa. Akwai mazan da suka gwammace a ɗauke su a makara da a ɗauke su a kafaɗa, ta kuwa san irin wanda ta aura. Ta roƙe shi ko jarkokin ya kwance ya sake su, ya rage nauyi. Ya ƙi.

"Yau bai yi tsami ba," in ji shi. "Na ɗanɗana."

Wannan magana ta soke ta fiye da zagi. Ta kama goran tsanin da hannu biyu, ba don riƙonta zai hana komai ba, sai ta ji rawar jikinsa tana saukowa ta cikin goran har tafin hannunta. Hannuwansa sun fara gajiya. Gida mafi kusa yana hayin gona, in ta ruga can, kafin ta dawo ya gwada abin da ta ga yana shirin gwadawa.

Ya kuwa gwada tana tsaye. Ya ce zai sauko da hagu kaɗai, hannuwa su yi sauran. Ta ce masa ya duba da kyau, matakin da ke biye na dama ne, na hagun yana can ƙasa, tsakaninsu ya fi kamu biyu, ba ƙafar da za ta kai sai mutum ya saki jikinsa. Ta kira shi Daeng, ta kira shi Baban Lela, ta haɗa shi da Allah da Annabi, ya yi kunnen uwar shegu da ita. Tana kallo tafin ƙafar hagu ya zame daga kan reshen yana laluben iska, jarkokin suka ja shi gefe, wani ɓawon giginya ya ɓalle ya faɗo kusa da ita.

"Sampara! Mayar da ƙafar nan."

Ita kanta ba ta san ta inda sunan ya fito ba. A wurinmu, tun ranar da aka ba namiji sunan girmamawa na Daeng ake naɗe sunansa na yanka a ajiye. Iyayensa kaɗai ke da bakin kiransa da shi. Ko sa'ansa ne ya faɗa masa a fuska, faɗa yake nema, balle matarsa. Sau ɗaya Daeng Kanang ta taɓa jin wannan suna, ranar ɗaurin aurensu, daga bakin liman, tana bayan labule. Shekara talatin da biyu ko a zuci kunyar furta shi take ji. Yau ga shi ta kwarma shi a tsakiyar gona da muryar da ake korar doki daga masara, iska kuma ta ɗauka ta kai har gidajen hayi.

Ƙafar ta tsaya. Ta yi lalube baya, ta sami reshenta, ta zauna a kai. Ya manna goshinsa a jikin giginyar, bai ƙara motsi ba.

Ba ta kira kowa ba, amma ba wanda zai ji mace ta kira mijinta haka ya ci gaba da shan kofinsa. Mutane suka fara ɓullowa ta cikin kara, maza a gaba, mata a baya. Lallo ne ya fara isowa, igiyar dokinsa a kafaɗa. Ya dubi sama, ya dubi yayarsa, ko murmushi bai yi ba. Ya girgiza tsanin ya ji ko ɗaurinsa zai ɗauki mutum biyu, ya sa maza huɗu suka danne shi da jikin itacen, ya tattare zanensa ya yi bisimilla ya hau.

Da ya kai, sai ya zagaya igiyar ta bayan mijin yayarsa da jikin giginyar ya ƙulla sako-sako, yadda za ta riƙa zamewa tare da su. Ya kwance jarkokin ya mayar ƙugunsa. Sannan ya ja baya mataki biyu ya kafa kafaɗarsa a ƙarƙashin ƙafar da ke lilo. Iska ta ɗan lafa, har na ƙasa suka ji abin da suke cewa.

"Ɗora diddige, tsoho. Ban da yatsan."

"Ba na taka mutum."

"Yau kuma na zama mutum? Ai ka sha faɗa mai bammi ba mutum ba ne. Taka mu tafi, yaya na kallo."

An daɗe kafin diddigen ya sauka. Haka suka taho, hagu a kan gora, dama a kan Lallo. Duk mataki sai Lallo ya tsaya ya janyo igiyar ƙasa, ya gyara tsayuwa, ya ce to. Sau biyu iska ta taso suka manne ba motsi, tsanin yana kuka a wajen ɗauri, wata tsohuwa ta fara salati aka yi mata tsawa da ido ta yi ƙasa da murya. Saukowar ta fi huɗubar Juma'a tsawo. Wuyan Daeng Kanang ya ƙage, idanunta suka cika da ƙura, amma ta ƙi ƙiftawa, gani take in ta sauke ido shi ma zai faɗo.

Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai ya sulale ya zauna a gindin Kaka. Maza suka yi masa karar da ake yi wa namiji a irin wannan rana, suka kau da kai, suka shiga zancen iskar bana, suka zame da ɗaɗɗaya. Matan kuwa ita suka kalla kafin su juya. Sai a lokacin ta tuna kanta ba mayafi, ta kuma tuna abin da bakinta ya faɗa, kunya ta rufe ta har ta rasa inda za ta sa idonta.

Daeng Sikki bai dube ta ba. Sai ya yafito Lallo da hannu.

"Ka hau su," in ji shi. "Duka. Amma ko ranarka ce, a kaskon yayarka ruwan zai sauka. Ka karɓi rabonka a daskare."

Lallo na murza kafaɗarsa ya ce wanda aka taka sau arba'in ina ya ga bakin ciniki. Ya kwance jarkokin biyu ya ajiye a gaban yayarsa, ya naɗe igiyarsa ya tafi.

Takalmin dama ya ƙi shiga, yatsan ya kumbura ya yi baƙi. Ta riƙe takalman da jarkokin a hannu ɗaya, shi kuma ya dafa kafaɗarta suka ratsa gonar. Bai iya hawa matakalar gida ba, sai ta zaunar da shi a kan gadon gora kusa da murhu, ta ɗebo ruwan randa mai sanyi saboda kumburin ta ajiye a gabansa. Ta tsuguna tana jira. Ta riga ta shirya wa komai, ko faɗa, ko gaba, ko ya ce ta tattara ta je gidan ƙaninta ta huta, kuma ta san in ya faɗa ba wanda zai ga laifinsa a ƙauyen nan.

"Tun da Inna ta rasu ban ƙara jin sunan nan ba," in ji shi.

Ta sunkuyar da kai. "Ka yafe mini, Daeng."

"Na riga na saki hannu ɗaya." Yana duban hannun kamar na wani ne. "Da na ji, na ɗauka ita aka aiko ta tafi da ni. Sai na ga ashe ban shirya ba."

Kukan da ta danne tun a gindin tsani ya ƙwace mata, ta toshe baki da gefen zane. Ya bar ta sai da ta yi mai isarta.

"Sake faɗa," in ji shi. "A hankali. So nake in ji shi a bakinki, ba a nata ba."

Ta buɗe baki. Ba kowa a wurin sai kaji suna tono a bayan murhu. Sunan yana nan a kan harshenta, tana jin nauyinsa, sunan da ɗazu ta jefa har hayin gona. Ta gwada, ta sake gwadawa, ya ƙi fitowa.

"Baban Lela," in ji ta, tana share ido, "miƙo ƙafar."